Ranar Bikin Wasu, a Garin Wasu

Ranar 25 ga Disamba ta farko da muka yi a Mancesta, da rabin burodi da ƙwai uku muka wayi gari. Laifina ne. Tun mako guda kafin nan uwargida take cewa, "Malam, firjin nan fa ya kusa zama kango," ni kuwa ina cewa gobe, don akwai babin da nake son miƙa wa malamina kafin jami'a ta tafi hutu. Ranar 24 na fito daga laburare da duhu, na tarar babban kantin unguwarmu ya riga ya ja ƙofa. Na ce ba komai, da safe na dawo. A raina ai ranar biki ranar ciniki ce. Wa ya taɓa ganin mai shayi ko mahauci ya rufe a garinmu Bakura don ana Sallah?

Da safe na zura riga uku na fita. Ƙannena, ban taɓa jin shiru irin na wannan rana ba. Na tsaya a tashar bas har yatsuna suka daina jin sanyi, ban ga bas ko ɗaya ba. Titin da kullum sai ka yi dabara kafin ka tsallaka, ran nan da za ka shimfiɗa tabarma a tsakiyarsa ka yi nafila ba abin da zai taɓa ka. Daga baya na san cewa doka ce ma: tun 2004 aka hana manyan kantuna buɗewa ranar Kirsimeti a Ingila da Wales. Jiragen ƙasa ba sa tafiya, a Landan har jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas hutawa suke yi. Na komo hannu rabbana, na tarar da ita zaune bakin taga, ta zura wa titi ido.

Ku nake rubuta wa wannan, ku da kuke cike takardun neman gurbin karatu ko aiki a Turai, kuna shirin tafiya da amare ko bin angwaye. Za a gaya muku kuɗin biza da na haya, za a gaya muku irin rigar sanyin da za ku saya. Ba wanda zai gaya muku yadda ranar bikin masu gari take ga baƙo, alhali ita ce ranar da za ku fi sanin ko su wane ne ku a wajen junanku.

Bikinmu na waje ne. Ranar Sallah a Bakura ko Mafara ko Maradun gari ne ke fitowa: filin idi, ƙofar Sarki, yara cikin sababbin kaya suna bin gida-gida, kwanonin tuwo suna ƙetare juna a lungu. Baƙon da bai san kowa ba, in ya tsaya bakin hanya, bikin zai zo ya same shi. Nasu na cikin ɗaki ne. Kowa ya tattara nasa ya shige, ya ja labule, a gasa talo-talo, a buɗe kyaututtuka, da ƙarfe uku na rana a kunna talabijin a saurari jawabin Sarki, al'adar da Sarki George na Biyar ya fara ta rediyo a 1932. In ba ka cikin wani ɗaki, to ba ka cikin komai. Wata guda ana ta haska maka fitilu a tituna, ana kaɗa maka waƙe-waƙe a kowane kanti, sai ranar ta zo ka ga ashe ba da kai ake ba.

Ga kuma rana da ba ta daɗewa. A ƙarshen Disamba sai bayan takwas na safe take fitowa a can, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin abin da bai wuce awa huɗu ba. In ka iya riƙe alwala, guda ta ishe ka. Mu da muka taso inda ko a tsakiyar hunturu rana takan yi awa goma sha ɗaya da ɗoriya a sama, hazo ya rufe ta amma dai tana nan, wannan duhun shiga jiki yake yi. Mutum ya rasa me ke damunsa, ya ga abu kaɗan ya ɓata masa rai.

To a cikin wannan duhun muka yi faɗanmu na farko na gaske. Ba a kan burodi ba ne, ko da yake da shi aka fara. Ta ce, "Kai kana da inda kake zuwa. Ni wata uku ke nan, in ba kai ba, ba wanda ya kira sunana." Na buɗe baki zan kare kaina, na rasa ta inda zan kama.

Ku tsaya ku dubi abin da yarinya take bari in an kai ta waje. A gidanmu na Bakura, daga asuba zuwa kwanciya ba ta rasa wanda za ta yi wa magana: ga Inna, ga faccalolinta, ga ƙannena da ke shiga ɗakinta su cinye mata ɗumame, ga mai tallar hura, ga maƙwabciyar da ke leƙo kai ta katanga neman aron rariya. In mun saɓa, tana da inda za ta kai kuka, ni ma ina da majalisa da teburin mai shayi inda zan je in huce. In abu ya yi tsanani ta yi yaji, manya su zauna, a ba mai laifi laifinsa, a dawo da ita. Aurenmu na Hausa mutum ashirin ne ke riƙe da shi, mu biyun ba mu ma sani ba. Ranar da jirgi ya sauke ku, duk waɗannan hannuwa sun saki. Miji ya zama shi ne uwa, shi ne ƙawa, shi ne maƙwabciya, shi ne kuma wanda aka yi fushi da shi. Ba ɗan Adam ɗin da zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai. A ranakun aiki hidima takan rufe abin, amma ranar da gari ya rufe, ba makaranta, ba kanti, ba bas, sai ku biyu da hita tana ƙara, ba sauran inda za a ɓuya.

Ina faɗa wa samari wannan da babbar murya, don mu ne muka fi sakaci. Kai ka tafi da dalili: kana da aji, kana da abokan karatu, kana da wanda zai ce maka sannu da aiki. Ita ta tafi ne saboda kai. In ba ka tashi tsaye ka nema mata mutane ba, matan masallaci, ajin koyon Turanci, matan 'yan uwanmu 'yan Arewa da suka riga ku zuwa, to ka ɗauko 'yar mutane daga cikin dangi ka kulle ta a akwati mai taga. Ku kuma 'yan mata, kada kunya ta sa ku haɗiye abin har ya zama ciwo. Kawaicin da ya yi miki ado a gidan surukai, a can ba mai karanta shi. Namiji in ba a faɗa masa ba, ɗauka yake lafiya lau.

Wajen ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce Baturiya da ke ƙasan benenmu, wadda wata uku muna gaisawa da kai kawai. Tana riƙe da kati da faranti an rufe da takarda, wasu 'yan ƙananan kek ne masu busassun 'ya'yan itace a ciki. Kafin in ce komai ta ce ta duba, ba giya a ciki, ba man alade. Na tsaya riƙe da ƙofa kamar wanda aka dasa, ina lissafin ko karɓa ya halatta, ko me zan ce mata. Uwargida ce ta zagayo ta bayana, ta karɓi farantin da hannu biyu, ta ce da ɗan Turancin da take da shi a lokacin, ta shigo ta zauna. Ashe tsohuwar ɗanta ɗaya ne, yana Ostireliya, mijinta ya rasu. Ita ma ita kaɗai ta wayi gari.

Ba mu da komai, na ce muku. Amma a ƙasan akwati akwai kuka da daddawa da yajin da Inna ta ɗaure mata a leda uku-uku, akwai kuma ragowar garin semo. Aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miyar kuka ba nama. Tsohuwar nan ta ci da cokali, yaji ya sa ta hawaye, tana dariya tana neman ruwa. Da uku ta yi ta roƙi a kunna mata talabijin, muka zauna mu uku muka kalli Sarauniya Elizabeth tana jawabi. Ana gamawa na tashi na yi alwalar Magariba, ita kuwa ta yi shiru har muka idar.

Na san tambayar da ke bakin wasunku, don ni ma ita ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Malamai sun yi saɓani a kan taya Kirista murnar wannan rana. Akwai waɗanda suka hana, irin su Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya. Akwai waɗanda suka halatta ga mai zaune cikinsu da lumana, irin su majalisar fatawa ta Turai da Shaihu Yusuf Alƙardawi ya jagoranta. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke muku ba. Abin da zan ce shi ne ku tambayi malamin da kuka amince da shi tun kuna gida, ku zauna ku biyu ku tsayar da abin da za ku yi: me za ku ce in an gaishe ku, za ku je walimar ofis ko ba za ku je ba, in kun je ƙarfe nawa za ku tashi kafin kwalabe su fara yawo, me za ku gaya wa yaro ranar da ya dawo daga makaranta yana tambayar me ya sa ba itacen ado a gidanku. Kada ku bari sai an ƙwanƙwasa ƙofa ku fara muhawara a gaban baƙo. Kuma kowace fatawa kuka bi, ba a yi saɓani a kan haƙƙin maƙwabci ba. Wanda ba zai furta gaisuwar ba yana iya sakin fuska, ya tambayi lafiya, ya ciyar.

Mutane iri biyu na gani suna ɓata a can. Akwai wanda ya ɗauki karin maganar nan ta in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, ya bi ta har ƙarshe. Shekara biyu sai ka ga ya fi masu garin rawar kai, Sallah ta zo ta wuce bai sani ba. Akwai kuma wanda tsoro ya sa ya toshe kowace kafa, ba ya gaida kowa, ba ya amsa wa kowa, ya mai da matarsa fursuna da sunan tsare addini, ya dawo bayan shekara huɗu bai san sunan maƙwabcinsa ba. Na biyun ya fi yawa a cikinmu, kuma shi ne ba a cika yi wa faɗa ba, don kamarsa kamar ta mai kamun kai.

Alhali muna da abin koyi tun farkon Musulunci. Da azaba ta yi yawa a Makka, wajen shekara ta 615, ƙasar Kiristoci aka tura Musulmi, Habasha, wurin Najjashi. Cikin ayarin farko akwai ma'aurata matasa: Sayyidina Usmanu ɗan Affan da matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da matarsa Asma'u sun fi shekara goma a can, a can suka haifi 'ya'yansu. Sun ga bukukuwan masu gari shekara bayan shekara. Da aka kira su gaban sarki, Ja'afar bai ɓoye aƙidarsa ba, bai kuma ci mutuncin mai masaukinsa ba. Suratu Maryam ya karanta. Duk lokacin da na tuna da tsayuwata a bakin ƙofa ina zare ido ga tsohuwa mai faranti, kunya nake ji.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma ƙananan ne ke haɗa faɗa. Ku gama cefane kafin 23 ga wata. Ku san inda kantunan Musulmi suke, don da yawansu ba sa rufewa. Da na san titin Wilmslow a unguwar Rusholme, inda 'yan Pakistan da Larabawa suke da shaguna da gidajen abinci, da ƙafa ma sai in je in sayo nama. Ku sha ƙwayar bitamin D, hukumar lafiyarsu da kanta tana ba da shawarar maikirogiram 10 a rana lokacin sanyi, masu baƙar fata kuwa duk shekara. Ku fita ku taka ƙasa da tsakar rana ko da sanyi na yanka kunne. Ranar 26 kantuna za su buɗe da rangwame, a nan ake yaudarar sabon zuwa ya ci bashin katin banki a kan takalmin da ba ya buƙata. Hoton da za ku ɗauka a ƙarƙashin fitilun kasuwa ku ɗora a Facebook ko WhatsApp kuwa, ku sani a gida fassara ɗaya gare shi: sun samu. Kwana biyu za ku fara jin wane zai yi aure, wance za ta haihu.

Sai maganar aiki. Yawancin namu da ke can suna taɓa aikin gidajen kula da tsofaffi ko asibiti ko gadi, kuma irin waɗannan wurare ba sa rufewa. Ɗalibi awa 20 aka yarje masa a mako lokacin karatu, in an yi hutu yana iya yin cikakke, wurare da yawa kuma sukan ƙara kuɗin awa a ranar Kirsimeti. Karɓar aikin ranar abu ne mai kyau: ka saki abokin aikinka Kirista ya tafi wurin iyalinsa, shi ma ya tsaya maka ranar Sallah. Na ga inda wannan musanya ta ƙulla zumuncin da ya fi na wasu 'yan uwa. Amma na ga wanda ya jera awa goma sha biyu sau biyar a wannan mako yana lissafin fam nawa zai canza zuwa naira, ya bar mace da jariri a ɗaki cikin duhun nan. Kuɗin sun shigo, an sayi fili a Gusau. Auren ne bai kai shekara ta uku ba.

Yanzu ma da yawanku ba za ku samu tafiya tare ba. A 2022 'yan Najeriya ne suka fi kowa kai iyali Birtaniya da bizar karatu, sama da mutum dubu 60. Daga Janairun 2024 aka rufe wannan ƙofa sai ga masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a watan Maris kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi kai nasu iyalin. Ke nan wani zai yi wannan rana shi kaɗai a ɗaki a Ingila, amaryarsa tana Bakura a ɗakin Inna. Wannan wata jarrabawar ce daban, kuma waya kaɗai ke riƙe da ita. Mu 'yan Zamfara mun san waya ba abin dogaro ba ce: a Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a jihar saboda 'yan bindiga, na waje sun yi makonni ba su ji muryar gida ba, sai wanda ya samu ya ƙetara Sakkwato ya kira. In layi yana nan, ku kira, kuma ba kiran "lafiya lau, sai an jima" ba. Mu ran Kirsimetin nan da dare mun kira Inna, tambayarta ta farko, "Mi kunka ci?" Da aka ce mata tuwo da miyar kuka har da baƙuwa Baturiya, ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Da Sallah ta zo, sai abin ya juye. Ranar aiki ce. Muka yi idi a wani fili, aka rungumi juna da mutanen Somaliya da Bangaladash, na duba agogo na ruga na kama bas. Ba rago a ƙofar gida, kuɗin layya gida na aika. Gari yana ta harkarsa, ba wanda ya san yau wata rana ce. Da yamma uwargida ta zuba waina da miyar taushe a kwano ta sauka ƙasa, ta daɗe ba ta hawo ba.

Tun da muka dawo nake kallon garinmu da wani ido. Tsofaffinmu suna ba da labarin Turawan Italiya na kamfanin Impresit da suka gina dam ɗin Bakolori tsakanin 1974 da 1978. Labarin da aka fi riƙewa shi ne na gonakin da ruwa ya ci da rikicin diyya na Afrilun 1980 da manoma suka rasa rayuka, kuma ya cancanci a riƙe shi. Amma ban taɓa tunanin cewa waɗannan mutane sun yi Kirsimeti huɗu ko biyar a nan cikin hazo ba, kowa da inda ya baro tsohuwarsa, sai da na yi tawa a garinsu. Su sun tafi. Waɗanda suke nan yanzu su ne 'yan bautar ƙasa da ake turo mana makarantu, da ma'aikatan jinya, da malaman kwalejin Abdu Gusau a Mafara, da masu sayar da kayan gyaran mota da magani. Yawancinsu sukan tafi gida a Disamba. Wanda kuɗin mota ya gagara, ko tsoron hanya ya hana, shi ke wayar gari ranar 25 ya ga kasuwa na ci, masu noman rani sun kama hanyar fadama da injin ban ruwa a bayan babur, yara na ta wasansu, ba wanda ya san yau ranarsa ce.

Bara akwai wata yarinya 'yar bautar ƙasa daga kudu da ke koyarwa a wata makaranta kusa da mu, ba ta samu tafiya ba. Ni ban ma lura ba. Da hantsi na ga uwargida ta soya kaza, ta dafa shinkafa, ta zuba a babbar kula, ta yafa mayafi. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Ƙasan bene." Ba bene a gidanmu.

Bayan La'asar kular ta dawo a kan ƙanen yaran unguwa, an wanke ta tas, cike da cincin. Kafin in kai hannu yara sun yi rabinsa.